Ƙaramar laftof mai araha: wacce zan saya idan ina so in ƙara mata ram daga baya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a jami'ar Aliero, ɗan Jega, ina aji uku. Na ɗan tara kuɗi daga albasar da muka noma da rani, ina son ƙaramar laftof wadda za ta shiga jakata, saboda rubutun aikin makaranta, karanta PDF, da shirin firojet na baɗi. An nuna mini guda biyu. Ɗaya sabuwa ce fil a kwali, inci 11, Celeron, ram giga 4, ma'ajiya giga 64, mai shagon ya ce in na samu kuɗi nan gaba sai a ƙara mata ram. Ɗayar ta hannu ce, HP EliteBook 820 G3, Core i5, ita ma giga 4, jikinta duk ƙarzuwa. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka? Giga nawa ya kamata in ƙara? Abokina ya ce da zarar an ƙara ram, kowace kwamfuta gudu take kamar sabuwa."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa karatu albarka, ya sa kuɗin albasa su yi auki. In na fahimce ka, abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: wacce ta cancanci kuɗinka, ko alƙawarin mai shago na ƙarin ram zai tabbata, da kuma ko maganar abokinka haka take. Ta tsakiyar ce uwa, domin ita ke yanke hukunci a kan ta farko. Maganar ƙarin ram tun ranar saye ake gama ta, ba ranar da ka sami kuɗi ba. Ko kwamfutar tana da gurbin da za a soka sabo, ko kuwa ba ta da shi har ta mutu.

Shawarata, ka ɗauki ta hannun, muddin ta tsallake gwajin da zan zayyana maka. Sabuwar kuwa, kada ka ba da ko sisi sai an nuna maka gurbin da idonka. Na fi shekara goma ina buɗe cikin waɗannan na'urori a nan Birnin Kebbi, kuma akasarin masu inci 11 da Celeron da ma'ajiya giga 32 ko 64 da suka hau teburina, ram ɗinsu a liƙe yake da bod, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin na'urar.

Kanta da sito

Ka kwatanta da mai tireda. Yana da kanta a gabansa, yana da sito a baya. Abin da ake ciniki a kai yanzu, sukari ne ko madara ko ashana, yana kan kanta, hannu kawai zai miƙa. Sauran kaya suna sito, sai an tura yaro. Furosesa shi ne mai tiredar, ram shi ne kantar, ma'ajiya kuma, ko tsohon faifai mai juyawa ko SSD, wato ta zamani da babu abin da ke juyawa a cikinta, ita ce siton. Duk abin da ka buɗe, Word ko PDF ko shafin Chrome, sai an ɗauko shi daga sito an baje a kan kanta kafin a taɓa shi. In ka kashe na'ura, kanta ta koma fayau, abin da ke sito ne kaɗai ke kwana.

To idan kanta ta cika, ga kuma sabon mai saye, dole a kwashe wani abu a mayar sito, anjima kaɗan a sake aiken yaro ya ɗauko shi. Wannan kai-da-kawon ne kake gani lokacin da kibiya ta ƙame, ka danna abu ya yi shiru, fanka na ta kuka.

A nan za ka ga inda abokinka ya yi gaskiya da inda ya zarce. In ƙarancin kanta ne matsalar, faɗaɗa ta na kawo sauƙi nan take, har mutum ya rantse sabuwar na'ura aka ba shi. Amma in mai tiredar ne mai nawa, ko siton na can tsallaken titi, ko ka shimfiɗa kanta daga nan har Kalgo ciniki ba zai yi sauri ba. Ram ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi, zaman jira kawai yake rage masa.

Giga 4 a yau ya yi kaɗan. Windows 10 ko 11 kaɗai, kafin ka buɗe komai, takan kama wajen rabinsa ko fiye, sannan sashen da ke zana hoto a fuskar irin waɗannan ƙananan na'urori ba shi da ram nasa na kansa, a cikin wannan ɗin yake gutsura. Abin da ya rage maka bai wuce na shafukan Chrome kaɗan da takarda ɗaya ba. Giga 8 ya ishi ɗalibi mai rubutu, karatu, Excel, Zoom da lissafin bayanan firojet. Giga 16 sai in sashenku na aiki da manhajoji masu ci, irin su Android Studio, AutoCAD ko na zana taswira. In ba haka ba, kuɗin ƙarin ya fi amfani a wani wuri, zan zo kansa.

Gurbi ko liƙe

Bara wata malamar firamare daga Argungu ta shigo shagona da wata 'yar kwamfuta fara, kyakkyawa, ba nauyi, naɗe cikin ɗankwali. Adashe ta kwasa ta saya saboda karatun digirin da take yi daga gida. Ta ma riga ta sayi ram giga 8 a wani wuri, yana cikin 'yar leda a jakarta, ni dai in saka mata kawai. Na kwance notikan, na ɗaga marfin, na haska mata da fitilar waya. Batir ya cinye fiye da rabin cikin, bod ɗin bai fi tafin hannu ba, ram ɗin kuwa wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne guda huɗu manne a jikinsa da dalma. Ta daɗe tana kallo, ta ɗago ledar ta ce, "To Malam, ina za a sa wanga?" Na ce babu wurin. Iyakar abin da na iya yi mata shi ne na rage tarkacen da ke tashi tare da Windows, na sa mata katin memori don ajiyar takardu, na kuma rubuta mata abin da za ta faɗa wa wanda ya sayar mata da ram ɗin ko zai karɓi kayansa. Har yau abin na tsaya mini a rai, domin tambaya ɗaya kafin biyan kuɗi da ta tsare mata guminta na watanni.

Masu ƙera su ba don mugunta suke liƙewa ba. Liƙaƙƙen ram ya fi araha wurin haɗawa, yana sa na'ura ta yi siriri, kuma nau'in da ake kira LPDDR, mai tattalin batir, dama a liƙe aka saba sa shi. Shi ya sa ba masu araha kaɗai abin ya shafa ba. MacBook Air tun fitowarta a 2008 ram ɗinta a liƙe yake. HP Stream 11, Dell Latitude 3190 da akasarin Chromebook duk haka suke. Za ka ji wani ya ce akwai masu gyaran da ke ɗaga ƙwayoyin da iska mai zafi su dasa manya. Ana yi, amma aiki ne mai kasada da tsada, kuma ba kowane bod ne zai gane sababbin ƙwayoyin ba. Ba na ba ɗalibi wannan shawarar.

Yadda za ka gane ba tare da sukundireba ba: a kunna na'urar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka shiga Performance, ka zaɓi Memory, ka duba ƙasa ta dama. Inda aka rubuta Slots used, in ka ga 1 of 2, gurbi biyu ne, ɗaya ba kowa. Inda aka rubuta Form factor, in ka ga SODIMM, ram ne mai cirewa. In ka ga Row of chips, liƙaƙƙe ne, magana ta ƙare. Sai dai na sha ganin na'urar da ke nuna gurbi biyu a nan, a buɗe a tarar babu ko ɗaya. Don haka kada ka tsaya a nan. Ka juya ta, ka kwafi cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙasanta, ka nemi littafin gyaranta a intanet. HP da Dell da Lenovo duk suna sakin waɗannan littattafai kyauta, da hoton cikin na'ura. Ko kuma mai shago ya buɗe a gabanka, gani ya kori ji. Wanda ya ce ana ƙarawa amma ya ƙi a duba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Waɗanda na sani ciki da bai

Kwamfutocin da ake ƙera wa ma'aikatu da kamfanoni, su EliteBook da Latitude da ThinkPad, an yi su ne don a riƙa buɗewa ana gyarawa. In sun yi shekara uku ko huɗu a ofisoshin Turai da Amurka sai a sauya su, su ne ke zuwa mana tokumbo ta Legas da Kano. Ƙarzuwar jiki ba ta dame ni ba, da tsohuwar zuma ake magani.

Wadda aka nuna maka, 820 G3, ta fito a 2016, inci 12.5 ce, tana da gurbi biyu na nau'in ram da ake kira DDR4, kuma tana karɓar giga 16 ba gardama. Yayyenta, 820 G1 da G2, su ma gurbi biyu ne amma DDR3L. Dell Latitude E7240 da E7250 gurbi biyu na DDR3L, E7270 gurbi biyu na DDR4. A gidan ThinkPad sai ka yi hattara, domin suna na kama da suna amma ciki ya bambanta: X220 da X230 gurbi biyu, har giga 16, X240 gurbi ɗaya tak, iyakarta giga 8, X250, X260 da X270 su ma gurbi ɗaya, X280 kuwa, duk da ta fi su sabunta da kyau, a liƙe take gaba ɗaya. Mai gurbi ɗaya ba laifi ba ce, sai dai in za ka ƙara, cire na ciki za ka yi ka sa babba, ba haɗawa ba.

Akwai kuma wasu da har yanzu suke yawo a kasuwa da arahar da ke jan ido: HP Mini, Acer Aspire One, Asus Eee PC da danginsu masu furosesa Atom. Zamaninsu ya fara a 2007, ya ɗan yi tashe ya wuce. Suna da gurbi, amma yawancinsu giga 2 ne ƙarshen abin da za su iya ɗauka. Ka bar su, araha ba ta ado.

Kada kuma tambarin i5 ko i7 ya ruɗe ka. Ka duba lambar da ke biye. A i5-6300U, lambar farko 6 na nufin zubi na 6. A i5-8250U zubi na 8 ne. Wannan na zubi na 8 yana da ƙwaya huɗu masu aiki, wancan biyu. Tsohon i7 na zubi na 3 ba zai kamo i5 na zubi na 8 ba, ko da mai shago ya fi ɗaga murya a kan bakwai ɗin.

Abin da sabuwar ta fi ta hannun

Ba zan ɓoye maka wannan ba, don a garinmu ba ƙaramin abu ba ne. Sabuwar tana da sabon batir, kuma Celeron irin N4020 wutar da yake ci ba ta kai rabin ta i5 ɗin ba, wat 6 ne a kan 15. A ɗakin kwanan ɗalibai inda wuta sai ta ga dama, na'urar da za ta yi maka yini ba caji tana da daraja. Yawancinsu ba su da fanka, ba ruwansu da shaƙar ƙura. In da aikinka rubutu ne kawai da karatu, shafi ɗaya ko biyu, da ban hana ka ba. Amma kai da bakinka ka ce ƙari kake so, kuma firojet na tafe. Ma'ajiyar giga 64 ɗin nan ma, galibi nau'in eMMC ce, ita ma a liƙe, kuma in Windows ta zauna ta yi sabuntawa biyu ko uku, sai ka ga ja ya bayyana.

Abu na biyu shi ne Windows kanta. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa a hukumance tana son furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, da ram aƙalla giga 4, da ma'ajiya giga 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Ita 820 G3 zubi na 6 ce, ba ta cikin jerin. Ana ɗora mata Windows 11 ta bayan gida kuma tana tafiya, da yawa a kasuwa ma haka suke zuwa, amma babu alƙawarin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Akwai kuma Linux Mint, kyauta ce, ba ta da nauyi, tana ɗauke da LibreOffice mai buɗe takardun Word. Kafin ka koma can sai ka tambayi 'yan aji huɗu na sashenku wace manhaja ake tilasta musu a firojet, kada ka zo tana neman Windows.

In kuɗinka zai ɗan miƙe, ko za ka iya haƙuri zuwa wani girbin, ka tambayi EliteBook 830 G5, inci 13.3, gurbi biyu, ko ThinkPad T480, inci 14, ita ma gurbi biyu. Ka tabbatar lambar furosesan ta fara da 8, domin akwai 'yan kaɗan a cikinsu da suka zo da zubi na 7. Waɗannan za su kai ka har bautar ƙasa da bayanta. In bai miƙe ba, 820 G3 za ta fitar da kai.

Kafin ram, duba siton

Ga inda na ce kuɗin ƙari ya fi amfani. In ta hannun nan tana ɗauke da tsohon faifai mai juyawa, wanda in ka kara kunne za ka ji yana ƙas-ƙas, to shi za ka fara canzawa, ba ram ba. Faifai mai juyawa yakan karanta wajen mega 100 a daƙiƙa in ya samu hanya miƙaƙƙiya, SSD na SATA yakan kai wajen 500, kuma wurin tsince-tsincen ƙananan fayiloli, wanda shi ne yawancin aikin Windows, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Na'urar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta farka, da SSD sai ka ga ta tashi kafin ka gyara zama. Ga shi ba ya tsoron girgiza, kai kuma kullum kana kan mashin ko motar haya tsakanin Jega da Aliero. A Task Manager ɗin nan, ƙarƙashin Disk, za ka ga an rubuta HDD ko SSD. Giga 256 ya ishe ka. In aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin giga 4 da SSD, ko giga 8 da tsohon faifai, na farkon zan ɗauka, in ƙara ram wata mai zuwa.

Sayen ram ɗin kansa

Ram na laftof gajere ne, bai kai tsawon yatsa da rabi ba, sunansa SODIMM. Na kwamfutar tebur dogo ne, ba ya shiga. A gefen haƙoransa na zinariya akwai wata 'yar wushirya, kuma kowane zubi da inda tasa take, don kada a soka shi inda ba gidansa ba. DDR3 haƙora 204 ne, DDR4 260, DDR5 262. Ba ɗaya da ke shiga gurbin ɗan'uwansa, in ka ga yana ƙi kada ka danna da ƙarfi.

Tarkon yana tsakanin DDR3 da DDR3L. Wushiryarsu ɗaya, haƙoransu ɗaya, suna shiga gurbi ɗaya lafiya lau. Amma DDR3 na aiki da bolt 1.5, DDR3L da 1.35. Laftof masu furosesa zubi na 4 da na 5 DDR3L suke so. In ka sa musu na 1.5, sau da yawa fanka za ta juya, fitila ta kama, fuska ta tsaya baƙi ƙirin. Wani ɗalibin kwalejin Waziri Umaru ya taɓa zuwa mini hankali a tashe, yana cewa ya ƙona bod ana saura kwana huɗu ya miƙa aiki. Harafi ɗaya ne ya ɓace a takardar da ke jikin ram ɗin: PC3 ya saya, wato DDR3, maimakon PC3L, wato DDR3L. Muka musanya, ta tashi. Shi DDR3L yana aiki a tsofaffin da ke cin DDR3, akasin haka ne ba ya yiwuwa. Kuma kada ka yi hukunci da zubi kaɗai: ThinkPad T460 da X260 duk zubi na 6 ne, amma ta farko DDR3L take ci, ta biyu DDR4.

Taka dai PC4 za ka nema, wato DDR4. A jikin wanda ke ciki wataƙila ka ga PC4-2133P. In ka samu 2400T ko 2666V su ma za su yi, sai dai su sauko su yi tafiya daidai da abin da na'urar ke iyawa. Hanya mafi araha ita ce ka ƙara giga 4 a gurbin da ba kowa, ka samu 8, kuma biyun za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, wanda ke ɗan ƙara wa hoto santsi. In da hali ka sa giga 8 kusa da 4 ɗin, ka samu 12, wannan ma yana tafiya, gobe in ka so 16 sai ka canza ƙaramin kawai.

Ram na hannu ba abin ƙyama ba ne, yana cikin kayan da ba su cika gajiya ba. Wanda aka zare daga wata laftof, ɗan Samsung ko SK Hynix ko Micron, na fi natsuwa da shi a kan sabo mai sunan da ban taɓa ji ba. Ana samun masu canza takardar jiki, don haka a saka a gabanka, ka ga adadin ya fito a fuska kafin ka biya. Wata 'yar manhaja kyauta, CPU-Z, tana nuna ainihin kamfani da girma da gudun kowane ɗaya a shafinta na SPD. Ban sa maka farashi ba da gangan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan kwamfuta dala suke bi, sannan daga ƙarshen 2025 ram ya yi tsada a duniya baki ɗaya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi. Ka tambayi shago uku a rana ɗaya. Kuma kada ka zuba duk kuɗinka a kan laftof ɗin; ka ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu saboda ram, SSD ko batir.

Abu ɗaya da ake mantawa: in Windows ɗin da ke kai mai bit 32 ce, ko ka sa giga 16 ba za ta ga ko 4 cikakke ba. Ka duba a Settings, System, About, ka tabbatar an rubuta 64-bit.

Rabin sa'a a shago

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je da rana, ba da gaggawa ba, ka zauna a benci. Da ka kunna, ka yi ta danna F10, shi ne ƙofar BIOS a HP, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi. A Dell F2 ne, a ThinkPad F1. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ka ajiye ta ko nawa ya rage maka, domin kulle ne daga ofishin da ta fito. Ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka soka filashi a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka. Ka buɗe marfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko maƙalarsa na ƙara ko robar gefen na ɗagawa.

Batir kuwa kada ka yarda da "yana yin awa huɗu". Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai haɗa maka rahoto. A ciki ka kwatanta Design capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, abin da yake ɗauka yanzu. In na biyun bai kai kashi 60 cikin 100 na farkon ba, ka sa kuɗin sabon batir cikin cinikin. Caja ta zama ta asali, mai nauyi a hannu, bolt 19.5 ga HP. Caja mara nauyi da wutar janareta sun kashe bod da yawa a garin nan. A rubuta maka rasit da lambar jikin na'urar da kwanakin da aka ba ka na gwaji, wannan kariya ce gare ka ko da wata rana wani ya ce tasa ce aka sace.

In kuma daga Kano ko Legas za a sako maka a mota, ka sa a yi maka bidiyo guda ba yankewa, daga lambar da ke ƙasanta har zuwa shafin Memory da rahoton batir.

Sakawa

Aikin minti goma ne, amma a shago zan so a yi maka na farko kana kallo. In kai za ka yi, ka kashe ta gaba ɗaya, ba barci ba: ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down. Ka zare caja, ka kwance marfin ƙasa, ka jera notikan a kan farar takarda yadda suka fito. Batirin 820 G3 a ciki yake, shi za ka fara cirewa kafin ka taɓa komai, sannan ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wuta ta fita. Ina ɗan koyo na ga bod ya mutu a gabana saboda noti ɗaya da ya faɗa kansa batir na haɗe, tun ranar ban sake tsallake wannan matakin ba.

Ka kula da lokacin hunturu. Wannan 'yar wutar da kake ji ta ɗan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi, ita ce ke lalata ƙwayoyin ram, kuma busasshiyar iska ce ke ƙara ta. Kada ka yi aikin a kan bargo ko darduma. Ka zauna a tebur na katako, ƙafa a kan siminti ba takalmi, ka taɓa ƙarfen taga kafin ka ɗauki ram, ka riƙe shi ta gefe kamar yadda ake riƙe hoto, yatsa kada ya hau haƙoran. Ka daidaita wushiryar da ɗan tudun da ke cikin gurbin, ka soka shi a karkace har zinariyar ta kusa ɓacewa, sannan ka kwantar da shi a hankali. Za ka ji ƙas, 'yan ƙarafan gefe biyu sun kama.

Kunnawar farko takan ɗan jima da baƙar fuska, ka ba ta minti ɗaya. In ba ta tashi ba, kada ka firgita, galibi zama ne bai yi daidai ba. Cire ka sake sokawa. In ta tashi, ka rubuta mdsched a wurin bincike, Windows za ta sake kunna kanta ta gwada ram ɗin. Wanda ya fi zurfi shi ne MemTest86 daga filashi, yana cin sa'o'i, sai ranar da kake da tabbacin wuta. Kuskure ko ɗaya ya fito, mayar da ram ɗin tun kwanakin gwaji ba su ƙare ba.

Tun da marfin na buɗe, a busa mata ƙurar fanka, a sa sabon man sanyaya furosesa, don na'urar 2016 nata ya daɗe da bushewa. Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, kuma furosesa in ya ji zafi da kansa yake rage gudu, sai ka zaci ram ne bai isa ba. Kada ka riƙa ɗora ta a kan katifa, ƙofofin iskarta a ƙasa da gefe suke. Ko faranti ne ka kifa ka ɗora ta a kai.

Duk abin da na faɗa a kan sabuwar, a kan irinta na gina shi, tunda ba ka turo sunan samfurinta ba, kuma akan samu ɗaiɗaiku masu Celeron da ke da gurbi ɗaya, musamman masu inci 14. Ka ɗauki hoton takardar da ke ƙasanta da na shafin Memory na kowace ɗaya ka turo mini kafin ranar kasuwar Jega, zan duba in gaya maka wane ram za ka nema da sunansa.